Jarfar da Na Kwaso daga Kan Iyaka

Ba zan taɓa mantawa ba da shekarar da son sani ya kai ni gaban wanzami. Zamanin Turawa ne, ina ƙaramin malami a shingen kan iyaka na Jibiya, aikina rubuta sunayen masu shiga da fita ƙasar Faransa. Sai dai ni fuskokin mutane suka fi ɗaukar mini hankali. Wannan tsagar Gobirawa ce, waccan ta Katsinawa, ga bille, ga shasshawa. Na sami wani ɗan littafi ina zana duk wadda na gani (har abokan aiki suka fara ce mini Sarkin Aska, ni kuma ina jin daɗi).

Wani tsohon bafatake ya taɓa gaya mini cewa tsaga ta samo asali ne tun lokacin yaƙe-yaƙe, don in an kama yaro a gane danginsa, jarfa kuwa ado ce kawai. Kalmar nan ta ado ita ta cuce ni. Lokacin ina neman auren Hajo, 'yar wani manomi a Magama, kuma ina so in je gaisuwar iyayenta da abin da zai bambanta ni da sauran samari.

Ran kasuwa na buɗe littafina, na nuna wa wanzami wani zane mai kama da tsani, wanda na kwafo daga wuyan wasu mutanen Maraɗi. Ya dubi zanen, ya dube ni, ya tambaye ni ko na tabbata. Na zaci jarumtata yake rainawa, na miƙa masa wuya. Ya tsattsaga, ya goga baƙin tukunya, ina cije haƙori.

Da wurin ya warke na sa riga mai faɗin wuya (don kada wahalata ta tafi a banza), na nufi Magama. Na gaida mahaifin Hajo a zaure, ya kalli wuyana sau ɗaya ya sunkuyar da kai. Aka shigar da ni wajen kakarta, tsakar gida cike da mata. Tsohuwar ta ce in matso. Ta daɗe tana duba, sannan ta janye mayafinta. Ga tsanin nan a wuyanta, irin nawa sak.

"Ɗan nan, wa ya yi maka wagga?" in ji ta. "Mu ai sai za a kai mu ɗaki aka yi muna ita. An ce mini ango za ya zo, ashe amarya ce."

Dariyar da aka yi har tumaki sai da suka firgita. Na so ƙasa ta tsage in shige. Sai a lokacin na tuna cewa duk waɗanda na kwafo zanen daga wuyansu mata ne.

Mako uku ban ji komai daga Magama ba, har na fidda rai. Ashe tsohuwar ce ta tsaya mini, wai wanda ya jure askar da ta sa ta kuka zai iya riƙe jikarta. An ba ni Hajo, amma har yau surukaina Amarya suke kirana, kuma rawanin da nake naɗawa har haɓa ba na sarauta ba ne.

Na dai koyi cewa a yi tambaya tun aska tana cikin zabira, don in ta hau fata amsar ba ta goguwa.