Lambar da Na Toshe

Ba zan taɓa mantawa da kakar bara ba, ranar da na kwance wa kaina zani a ƙaramin asibitin garinmu, kusa da Ƙarfi.

Ina da hawan jini, duk wata sai na je awo. Daga sallar asuba nake wucewa in kama layi, in yini a benci. Ga shi waken soyana ya bushe a gona, har ya fara fashewa yana zuba. Duk yinin da na rasa, asara ce.

Ina zaune hantsi ya dubi ludayi, sai ga Sale, maƙwabcina a gona, a kan babur. Ciwonmu ɗaya, amma shi ya shiga kai tsaye, kafin in gyara zama ya fito da maganinsa. Karo na uku ke nan ina ganin haka. Wallahi hassada ta ci ni. (Dama tun da wakensa ya fi nawa kyau nake jin haushinsa, ko tarinsa ba na son ji.)

Na miƙe na tare ƙofa. "Sale, gaya mana gaskiya, ƙwan zabi kake kawo masu ko 'yarka suke nema? Mu da muka yi sammako ba mutane ba ne?"

Malamar asibitin ta leƙo. "Baba, lokaci muka ba shi. Yanzu kiran masu hawan jini muke a waya, mu faɗa wa kowa sa'ar da zai zo. Ba a kira ka ba?"

"Babu wanda ya kira ni. Sai masu hanya."

Ta karɓi lambata ta danna a wayar asibiti, kiran ya ƙi shiga. Sai ta tsaya tana kallona.

"Baba, sake magana in ji."

Nan ni ma na fara gane muryar.

"Ba kai ne na kira na ce daga asibiti nake, ka ce min 'yar damfara ba? Ka ce in ji tsoron Allah in nemi sana'a, ko ƙosai ne in soya?"

Ni ne. Har toshe lambar na yi, na kuma je majalisa ina alfahari na kama ɓarauniya.

Layin nan kaf ya kwashe da dariya, har da wata tsohuwa da tun safe take nishi. Da aka auna ni, jinin ya hau fiye da kullum, malamar kuwa ba ta ko tambayi dalili ba. Abin da ya fi ƙona min rai, Sale ne ya jira ni ya goya ni zuwa gona. Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi.

Tun daga ranar na koyi sauraro kafin zargi. Kowa ya kira ni sai na gaishe shi, na tambayi iyali da amfanin gona. Kwanan baya wani ɗan damfara na gaske ya kira, shi ya gaji ya toshe ni.