Jallabiyar da Na Tanadar wa Sagiru

Ba zan taɓa mantawa da makonnin da ƙanena Sagiru ya yi a kan keke ba, domin shi yake tuƙi amma ni nake ramewa. Da ya gama bautar ƙasa a Fatakwal, maimakon ya shiga mota kamar kowa, sai ya bugo waya ya ce da kekensa zai dawo Dutse. Na ce masa, "Wane Dutsen? Namu?" Ya ce shi ɗin dai.

Kowa a gida da irin tsoronsa. Inna tana tsoron manyan motoci, maigidana yana tsoron mutanen daji. Ni ma duk ina jin waɗannan, amma abin da ya fi tsaya mini a rai (ku yi dariya, na yafe) shi ne wandonsa. A bidiyon farko da ya turo na gan shi, wani baƙin abu matsattse, iya gwiwa, kamar da fenti aka shafa masa. Mahaifinmu malami ne, a ƙofar gidansa na Limawa ake ɗaukar karatu tun kafin a haife ni, kuma ko wasan ƙwallo ba ya bari a kalla a gidansa saboda gajeren wando. Tunda aka fara tafiyar nan bai ce komai ba sai "Allah ya kiyaye." Na san shirun Malam. Kullum ina hango Sagiru ya faka a gabansa cikin wannan shiga, dattawan unguwa suna zaune, Malam ya naɗe buzunsa ya shige gida.

Amma fa yaron ya burge ni. Ni karatuna bai wuce firamare ba, garuruwan da yake faɗa ma ban san inda suke ba, sai dai ina da ido. Na ga bayan hannunsa yana ƙonewa mako bayan mako, na ga kumatunsa suna zurmawa. Na gan shi tsugunne a ƙarƙashin wata rumfa, ruwa na zuba, yana yi wa taya faci yana dariya. A Makurɗi wata mata da ba su jin yaren juna ta zaunar da shi ta cika masa kwano da sakwara. A hawan Jos ya daina magana gaba ɗaya, numfashinsa kawai ake ji da ƙarar sarƙa. Ranar na ajiye wayar na yi alwala.

Da ya ce ya bar Azare, gobe zai kwana a Kiyawa, sai na yanke shawara ni kaɗai. Na ɗauko jallabiyar maigidana, ruwan toka, na wanke na goge na ninke ta a cikin hijabina. Shirina shi ne in tare Sagiru a bakin layi in zura masa ita kafin idon Malam ya sauka a kansa. Ban gaya wa kowa ba, har ina jin kaina mai dabara.

Abin da ban sani ba shi ne, akwai masu hawan keke don motsa jiki a Dutse, kuma sun fita har Shuwarin sun tarbo shi. Da hantsi muka ji hayaniya, sai ga su sun shigo layi kamar garken tumaki, kowa da hular kwano da baƙin tabarau, wasu har da takunkumi. Mutane suka cika hanya dole suka ja birki. A gaba akwai wani dogo siriri da matsattsen wando. Na ce a raina, ai wanda ya yi tafiyar shi za a sa a gaba.

Da 'yata Ummi goye a bayana na kutsa. Na ture wata mata, na taka wani mai rake, na isa gabansa daidai ya sauke ƙafa ɗaya ƙasa. Ban yi sallama ba. Na yi ɗage na kifa masa jallabiyar a ka, sai wuyanta ya maƙale a hular kwanon. Na ja, yana ja da baya.

"Tsaya mana!" na ce. "Wai kai ba ka jin kunya ne? Da wannan abin za ka tsaya a gaban Malam? Dubi ƙafafu kamar na zalɓe!"

Har da ɗan duka na kai masa a kafaɗa, irin wanda nake yi masa tun yana yaro. Sannan na sunkuya in ja rigar ta rufe gwiwa. A nan na ga ƙafar. Takalmin fata ne mai buɗaɗɗen gaba, babban ɗan yatsan hagu kuma da farce baƙi wanda ya tsage a tsakiya.

Jama'a, tunda aka kawo ni gidan miji ban taɓa ɗaga ido na kalli fuskar surukina ba. In na je gaishe shi, tun daga bakin ƙofa nake durƙusawa, idona a ƙasa har in fita. Ko a kasuwa muka haɗu zan iya wuce shi ban gane ba. Amma wannan farcen na san shi kamar tafin hannuna.

Sai wata murya ta fito daga cikin jallabiyar, a natse: "Maman Ummi, a hankali, tabarauna ne zai karye."

Ashe likita ne ya ce wa Baffa, surukin nawa, ya riƙa motsa jiki saboda ciwon suga, tunda ya yi ritaya yake fita da masu keken nan, 'ya'yansa duk sun sani. Ni ce dai ba a gaya wa ba, kuma wa zai zauna ya yi wa suruka bayanin wandon surukinta? Da yake shi ne babba a cikinsu suka sa shi a gaba.

Na zube a wurin, a tsakiyar titi, na ce, "Baffa, ina kwana." (Ina kwana! Bayan zalɓe!) Ummi ta tsandara kuka. Zulai ƙanwar mijina ta riƙe ciki ta jingina da wani adaidaita sahu tana cewa, "Wayyo Allah, matar Yaya ta yi wa Baffa sutura!"

Baffa ya cire hular ta ƙasan riga, ya zura hannuwansa, ya gyara wuya. Ya ce, "Madalla da 'yata. Dama ina ta tunanin yadda zan gaisa da Malam a haka."

Sagiru kuwa yana can baya. Tun a Shuwarin ya tsaya ya saka farin kaftaninsa da hula, duk sun yamutse a jaka, kuma tun daga bakin layi ya sauka yana tura keken da hannu, don ba zai iso gaban mahaifinsa a kan sirdi ba. Ya baƙe, ya bushe, idonsa kawai ke haske. Ya jingine keken ya durƙusa.

Malam ya miƙe tsaye, abin da ban taɓa ganin ya yi wa ɗansa ba. Ya shafa sirdin da ya gama sulɓewa, ya danna tayar da yatsa.

"Tun daga bakin teku da wannan?"

"Da shi, Malam."

"Salla fa?"

"Ina ƙasaru. Ko ɗaya ba ta wuce ni ba."

Malam ya ɗora hannu a kansa, ya daɗe bai ɗauke ba, leɓensa na motsi. Ni kuma ina leƙe daga bayan ƙyaure, ina kuka iri biyu a haɗe. Da Sagiru ya shigo ya sha fura, Zulai ta ba shi labari da ƙari. Ya kalle ni ya ce, "Haba Yaya, na ratso ƙasar nan gaba ɗaya, sai hankalin saka wando ne zan rasa?" Na yi wata guda ina shirya wa mutum hankalin da ya fi ni shi.

Baffa bai dawo da jallabiyar ba, ita yake sawa in ya sauka daga keke. Na koma zuwa gaishe shi, sai dai yanzu in na durƙusa ido nake rufewa gaba ɗaya.

Daga baya na ji ashe wani ya ɗauki abin a waya, yana ta yawo har Garki. Don Allah, duk wanda ya iso wa ya goge, in ma ba zai iya ba ya yanke wajen zalɓen. Ya tura wa mutane bidiyon Sagiru na hawan Jos, shi ya fi cancanta a kalla.