Yadda Za Ka Gano Ciwon Mota Mai Harbi, Laifin Kuma Ya Faɗa Kan Wani

Idan tsohuwar motarka ta fara harbi ta salansa, ka taka totur ta tsaya tana shawara kafin ta motsa, to zauna ka karanta. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan za a gano mai laifi cikin mako guda, kuma ba kai ba ne. Ni ban yi nisa a boko ba, amma na daɗe ina ganin maza tsaye gaban bonet a buɗe. Maƙwabcina Tela ya bi hanyar nan a kan idona, da shi zan riƙa ba ka misali.

Mataki na ɗaya: Manta da abin da ka taɓa

Ranar hutu Tela ya buɗe bonet don ya goge maiƙo. Sai ya ga wayoyin fulogi huɗu sun harɗe. Ya bi su da yatsa daga inda suke ɗauko wuta. Ta farko ta tafi fulogi na ɗaya, mai bi mata ta tsallake na biyu ta tafi na uku. Mutumin da ya shekara talatin yana warware zare ba ya ganin harɗe ya wuce. Ya cire wayoyi biyu ya sauya musu gurbi, biyu ta dawo bayan ɗaya kamar yadda kowa ke ƙirga. Ya rufe bonet, ya wanke hannu.

Kai ma ka wanke, da sabulu. Abin da ba a gani ba, ba a yi shi ba.

Mataki na biyu: Nemo wanda ya tuƙa ta ƙarshe

Washegari Tela ya murza makulli. Motar ta tashi tana karkarwa kamar mai zazzaɓi, ta saki harbi ɗaya wanda ya sa mai shagon kwana ya zubar da sikarin da yake aunawa.

Kada ka firgita a nan. Juya a hankali ka dubi iyalinka.

Matar Tela malamar firamare ce, wata biyu ke nan da samun lasisinta, kuma ita ta fita da motar shekaranjiya. Tela ya sanar da ita cewa ƙafarta ta yi wa totur nauyi, ya karɓe makullinta ya jefa aljihu. Malama ta koma shiga motar haya biyu zuwa makaranta, rungume da littattafan yara sittin. Ta ce a kai wa yayanta ya duba, tunda bakanike ne, in ita ce a tabbatar, in ba ita ba ce a ba ta makullinta. Tela ya ce ba a tara wa ciwon gida jama'a.

Mataki na uku: Saurari harbin

In ta salansa take harbi, mai ne bai ƙone a ciki ba, ya fito waje yake ƙonewa. In ta kafireta take atishawa, ko iska ta fi mai yawa, ko wuta na zuwa ba a lokacinta ba. In tana yin duka biyun, kamar ta Tela, to ka goya hannu a baya, ka karkata kai, ka ce "Uhm." Wannan ilimi na faɗa ne a gaban mutane. Kada ka yi aiki da shi, zai iya kai ka ga gaskiya.

Mataki na huɗu: Zargi mai

Ce an haɗa man da ruwa. Ba wanda zai yi maka musu, kowa yana da tsohon haushin gidan mai. Tela ya tsiyaye tanki tas, ya zuba sabo. Motar ta gode masa da harbi biyu a jere.

Mataki na biyar: Sauya duk abin da ke da lafiya

Fara da fulogi, ka bi da matatar mai, ka wanke kafireta, ka shinshina tiyo ko yana shan iska. Haka Tela ya yi kwana huɗu, keken ɗinkinsa na zaune, masu kaya na zuwa suna samun ƙafafunsa kawai a ƙarƙashin mota. Kuma da yake mutum ne mai tsari, kafin ya cire wayoyin ya ɗauko allin ɗinki ya sa wa kowace lamba, don ya mayar da ita daidai inda ya same ta. Sau uku yana cirewa, sau uku yana mayar da kuskurensa ba tare da ya yi kuskure ba.

Mataki na shida: In bakaniken ya zo da ƙafarsa, ka cika shi da magana

Rana ta biyar Yaya, wato yayan Malama, ya zo karɓar rigarsa da ke wajen Tela. Malama ta fito gaishe shi, makaranta ma ba ta je ba, wai kanta ke ciwo. Tela ya tare shi da tarihin motar tun daga mai ita na farko, ya haɗa da ruwan tanki, ya rufe da nauyin ƙafar mata. Yaya ya nufi motar. Ya ɗaga bonet, ya leƙa, ya daɗe.

"Wa ya yi rubutu a wayoyin nan?"

Tela ya dubi sama, ya dubi ƙasa, ya ce ai gidan akwai mai aiki da alli kullum.

"Nata fari ne," in ji Yaya. "Wannan shuɗi ne, irin wanda ka zana wuyan rigata da shi."

Sannan ya yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa marar lafiya. Ya ce wannan injin ba ya ƙirga irin na 'yan aji ɗaya. Nasa ɗaya, uku, huɗu, biyu ne, kuma harɗewar nan da ita aka ƙera shi. Ya cire wayoyi biyu, ya mayar da kowace gidanta. Malama ce ya ce ta tayar. Dole Tela ya lalubo makulli a aljihu. Motar ta tashi lumui, kamar ba ita ce ta hana unguwa sakat ba.

Tela ya yi ƙoƙari na ƙarshe, kuma na yaba masa. Ya ce to wa ke koya wa yaran ƙasar nan cewa bayan ɗaya biyu ce?

"Ni ce, Baban yara," in ji Malama. "Amma ban taɓa koya wa mota ba."

Mataki na bakwai: Bar makullin kamar ra'ayinka ne

Kada ka nemi a dawo maka da shi. Ce dama ƙafarka na damunka kwanan nan. Tela ya faɗi haka, Yaya ya yi masa sannu, ya ɗauki rigarsa mai hannu ɗaya ya tafi.

Sanarwa

Mai wannan rubutu ba bakanike ba ne, bai taɓa cewa shi ne ba. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa fulogi, ko masu ɗinki, ko girma a idon surukai, shi ya sani, kada ya zo ƙofata. Alkawarin da na yi a sama bai shafi masu alli shuɗi ba. Mai shakka ya fito da safe ya gani. Malama ce a sitiyari, Tela na gefe da littattafai sittin a cinya, za a sauke shi a shago. Kafin ta murza makulli takan tambaye shi, ba tare da ta dube shi ba, "Bayan ɗaya?" Shi kuma ya gyara zama ya ce, "Uku."