Kaka Ta Yi Wa Gishiri Wanka

"Lafiya lau na kwana, ganinka ne dai ya ɓata min safiya," in ji Kaka.

Jikan nata, mai aikin haɗa sinadarai a kamfanin gishiri, ya ja ya tsaya. Idonsa na kan wani faranti a tsakar gida. Gishirin da yake kawo mata saboda maƙoƙon da ya taso mata a wuya ne, an wanke shi tas an baza a rana. Wata uku yana zagin likita a zuci don kumburin ya ƙi tsayawa, ashe mai laifin na gida.

"Tsohuwa, me gishirina ya yi miki?"

"Wanka na yi masa. Abin da ya fito daga hannun mijin da ba ya yanke farce, ai sai da ruwa uku."

"To maganin kike wankewa. Sinadarin aidin, maganin maƙoƙo, muke narkarwa a ruwan fotash, mu dafa har ya ƙafe ya bar farin gari, mu jiƙa ɗan kaɗan mu fesa wa gishiri. Garin nan da ya ga ruwa ya bi shi. Wanda ya tsira, rana da iska su kore shi."

"Magani mai tsoron ruwa? Kai ya biyo."

"Ke kuma wuya ya kusa kamo kai. Ba zan zauna da mace mai kai biyu ba, saki zan yi."

"Sake ni mana. Ko kai uku gare ni manema layi za su yi. Kai da tabarau kamar gindin kwalba, wa zai kwasa?"

Ya ciro 'yar kwalbar gwaji daga aljihu, ya ɗiga a kan sabon gishirin da ya zo da shi, nan take ya rine ya koma shuɗi. Ya ɗiga a nata, ko gezau.

"Kin gani? Wayam, kamar bakinki."

Kaka ta kai hannu ta shafa kumburin, abin da ba ta taɓa yi a gaban kowa ba. Tausayinta ya kama shi.

"In na bar wankin, zai tsaya?"

"In kin zuba gishirin a gwangwani kin rufe, kin kuma koma wurin likita."

Ta kwashe da dariya, ta tsamo tsokar nama daga tukunya ta miƙa masa.

"Ungo. Shekara sittin ina koya wa mata tsabta, yau ƙazamin miji ya hana ni. Zan ci dattinka, amma kada uwarka ta ji."