Yadda Za Ki Koya wa Autarku Riƙe Sirrin Mai Kifi

Ke da ƙanwarki 'yar shekara huɗu ta kama kina murmushi ke kaɗai, matso kusa. Na karanta littattafai kan tunanin yara har idona ya yi ja, na kuma gwada dabarar nan a gidan su ƙawata Suwaiba. Tana aiki, ko tantama babu.

1. Gane matsalar

Ƙaramin yaro gani yake duk abin da ya sani, kowa ma ya sani. Wata biyar Suwaiba tana gyara ɗaurin ɗankwali in Fannami mai bandar kifi ya tsaya a ƙofar gidansu. Takan sayi tarwaɗa, alhali ko ƙanshinta ba ta so. Ba ta faɗa wa kowa ba, har shi. Amma autarsu Adila na kallo, kuma bakinta ba murfi.

2. Yi ta hira da ita

Umma ta ajiye dabino a kwano ta fita? Mayar da shi ƙarƙashin faifai, ki tambayi yarinyar: "In Umma ta dawo, ina za ta duba?"

Za ta ce faifai. Kada ki yi kuka. Suwaiba ta yi, bai taimaka ba. Kullum ki maimaita: "Umma ta gani? To ta yaya za ta sani?"

3. Danƙa mata amanar

Bayan sati uku Adila ta daka tsalle: "Kwano! Ai ba ta gani ba!"

Suwaiba ta rungume ta. "To maganar mai kifi ma haka take. A zuciyata take, ba wanda ya gani."

"Har shi, Yaya?"

"Har shi."

"Wayyo," in ji Adila, ta yi tsit. Shirun yaro alamar nasara ce, duk masana sun yarda.

4. Saki jiki

Washegari Fannami ya yi sallama, Adila ta riga kowa fita. Suwaiba na zaure, tana ji.

"Mai kifi, kai ba ka sani ba, don ba ka gani ba. Yaya ba ta cin kifi. Kai take so."

Suwaiba ta rufe fuska da tafin hannu. Can sai ta ji yana dariya ƙasa-ƙasa.

"Auta, je ki ce mata layin nan ba hanyata ba ce. Ita ma ba ta sani ba."

Gargaɗi: ba ruwan mai wannan rubutu da dattawan da suka yi sallama da goro bayan sati biyu, balle Adila, da yanzu ke bin unguwa gida-gida tana neman wanda bai sani ba.