Geron Marwa a ruwan Yawunde

Ƙanena Sa'idu, mai aikin binciken iri a Marwa, can arewa, ya kawo mini tsarabar sabon gero da suka inganta don ƙasar fari. Ya ce ko ruwa ya ɗauke, sai ya yi zangarniya.

A unguwar Briqueterie ta Yawunde aka haife ni, ban taɓa riƙe fartanya ba. Amma na yi lissafi irin na masana: geron da ke albarka babu ruwa, ina kuma ga in ya samu ruwan Yawunde?

"Yaya, wannan ba na nan ba ne," in ji Sa'idu.

"Kai yaro, kakanmu manomi ne. Abin a jini yake."

Na tuge rogon matata a gonarta ta unguwar Ekoudou, na shuka. A bakin masallaci kuwa na yi shela cewa kunun azumin bana a wuyana yake.

Sama ta yi ta zuba. Gero ya fi ni tsawo, sannan ya yi funfuna, ya kwanta. Matata kuwa, miya kawai ta ajiye mini babu tuwo. Azumi ya zo babu kunu, na koma sahun baya a masallaci.

Har yau, da hadari ya haɗo, masu suya sai su ɗaga murya: "Sarkin Noma, a kai wa gero lema?"