Sandar Awon Tafkin Gawo

A wani daji da ake kira Gawo akwai tafki ɗaya tak, kuma daga shi kowa yake sha, tun daga giwa har ɓeran da ba a gayyatarsa taro. Ba kowace shekara tafkin yake kaiwa damina ba. In zai ƙafe, dole a sani da sauran wata guda, domin wata guda cur ake yi kafin a haƙa rijiya a busasshen rafi. Wannan sanin shi ne aikin wani tsohon guza mai suna Korau.

Korau yana da sandar gora da ya kafa a tsakiyar tafkin, ya yi mata tsaga tara daga sama zuwa ƙasa. Kullum da safe sai ya yi iyo ya je ya kankare mata gansakuka, ya miƙe ta in dorina ta sosa baya da ita, ya duba inda ruwa ya tsaya. Ranar da ruwa ya sauka tsaga ta shida, ranar ake fara haƙa. Shekara goma sha tara yana wannan aiki, ba Juma'a ba Sallah, ko bikin ƙanensa bai je ba. Gaskiyar magana Korau ya gaji, amma ya gwammace ya mutu rungume da sandar da a ji haka daga bakinsa.

Ana nan, wajen ƙarshen damina, sai ga wata shamuwa, Hajiya Tabawa, ta sauka gaban majalisar dabbobi, fiffikenta fes kamar an yi masa guga.

Ta ce, "Ranku ya daɗe, mu shamuwa tafki arba'in muke dubawa daga sama. Ba shiga taɓo, ba ciwon baya. In ɗayanmu ya kwanta zazzaɓi, akwai ɗari a bayansa. Ku dai ku riƙa tara mana ƙwaryar fara, mu kuma mu riƙa aiko muku da labarin ruwanku kowace safiya. Ku miƙe ƙafa ku yi barcinku."

Maganar barcin nan Korau ya ji ta har cikin ƙashinsa. Duk da haka ya daure ya tambaya, "Hajiya, daga sama ana ganin zurfi?"

Ta ce, "Faɗi ake gani, Malam. Zurfi wani tsari ne daban, da tasa ƙwaryar."

Sai wani biri mai suna Barau ya miƙe, shi da bai taɓa ganin abu ya bar shi yadda ya same shi ba. Ya ce, "Jama'a, yau baƙo ne zai san asirin ruwanmu kafin mu sani? Gobe in ta ƙara ƙwarya, wa zai hana ta? In muka ɓata da ita, ta tashi da duk abin da ta sani, mu zauna muna kallon juna. Sandarmu ta gida ba ta da aibi, wurin da aka kafa ta ne ya yi nisa, shi ya sa tsoho ɗaya ya riƙe mana wuya. Ku ba ni kwana biyu, kowa zai karanta ruwa da idonsa, ƙafarsa ba ta jiƙe ba."

Shugaban majalisa wani ɓauna ne, Alhaji Jatau, mai adalci ƙwarai, don duk wanda ya yi magana a ƙarshe shi yake ba gaskiya. Aka sallami Hajiya da godiya.

Barau ya cika alkawari. Ya tumɓuke sandar, ya datse gindinta kada ta riƙa jan taɓo, ya ɗaure ta a tsaye a jikin wani gungume mai yawo a kan ruwa, ya jawo shi kusa da gaɓa da igiya. Ruwa ya tsaya daidai tsaga ta uku, kowa yana gani daga tudu.

Korau ya ce, "Ranka ya daɗe, gungume fa ruwa yake bi. In ruwa ya sauka, shi ma..."

Tafi ya haɗiye sauran. A zaman nan aka naɗa Korau Uban Awo, aka kuma tuna masa cewa mai irin wannan muƙami ba ya shiga taɓo. Da Korau ya nace, wataƙila da an saurare shi. Amma rana tana da daɗi a kan dutse, bayansa ya daina ciwo, sai ya ce wa kansa gobe zai sake tayar da maganar. Goben nan ta yi sati uku.

Kowace safiya Barau yakan hau gungumen ya yi shela, "Tsaga ta uku!" Jama'a su ce alhamdu lillahi. An dai lura cewa tafiya zuwa bakin ruwa tana ƙara tsawo, ana kuma ƙara tura gungumen ciki, amma masu ilimi suka ce zafin rana ne yake sa hanya ta yi nisa.

Wata ranar Laraba Korau ya saci jiki ya shiga wanka. Inda da yake nutsewa sai ya ji cikinsa yana gogar taɓo. Kunya ta rufe shi, domin ya san abin da ya sani tun ranar farko, ya zaɓi barci.

Sau uku yana zuwa gaban majalisa. A na ukun Alhaji Jatau ya ce, "Uban Awo, muna girmama ka, amma cikinka ba ma'auni ba ne. Ga sanda can kowa yana gani."

Barau ya ce, "Baba, ko dai cikin ne ya ƙaru? Hutu ya karɓe ka fa."

Aka yi dariya. Korau ya haɗiye girman kansa ya tafi wurin Hajiya Tabawa, ya tarar ita da 'yan uwanta suna haɗa kaya za su kudu.

Ta ce, "Ai mun gani, Malam. Tafkinku ya koma kamar faifai tun sati biyu."

"To me ya hana ku faɗa mana, Hajiya?"

"Ba ku cikin waɗanda muke yi wa aiki. Ka zo da yardar majalisa, sai mu duba in mun dawo da damina."

"Su tafki arba'in ɗin fa, wa zai duba su da rani?"

"Wannan yana cikin sharuɗɗan da ba a cika tsayawa a ji ba," in ji ta, ta buɗe fiffike.

Daga nan bai koma gida ba. Ya wuce wurin wani dabgi, Nomau, wanda ba ya zuwa taro saboda bai iya magana ba sai haƙa. Su biyu suka shiga rafi, Nomau yana haƙa, Uban Awo yana kwashe yashi da farata har suka tsage. Sun makara, kuma Korau ya san laifin wa ne.

Ranar da gungumen ya zauna a kan taɓo, Barau ya riga ya yi shelar tsaga ta uku kafin sandar ta karkace ta kwanta. A lokacin rijiyar ta fara tsattsafowa ke nan, ruwan bai wuce kurɓi ɗaya ga kowa ba. Giwaye suka kama hanyar wani kogi mai tafiyar kwana shida, masu ƙananan 'ya'ya suka bi su, har da 'yar Korau da yaranta huɗu. Ya raka su bakin daji, ya dawo shi kaɗai ya ci gaba da kwasar yashi yana share hawaye.

Majalisa ta zauna a bakin rijiyar, kusa da gaban layi. Bayan dogon nazari aka gano cewa Barau ba shi da laifi, Uban Awo ma an yafe masa shiga taɓo, ruwa ne ya tafi bai sanar da majalisa ba. Sandar kuwa aka rataye ta a bishiyar taro, inda zoben gansakuka yake nan a tsaga ta uku har yau, don amfanin duk mai neman kwanciyar hankali.